Ƙin Harba Makaman Nukiliya: Ceton Rai Ne Ko Barin Kisa?

Masana falsafa sun daɗe suna rarrabewa tsakanin barin kisa da ceton rai. Wanda ya zare takobi, sa'an nan ya mayar da shi kube, bai ceci kowa ba, laifi kurum ya bari. To, ina matsayin hafsan da ya ƙi yarda a harba makamin nukiliya?

Ran 27 ga Oktoba, 1962, lokacin rikicin Kyuba, jiragen yaƙin Amurka suka rutsa da wani jirgin Tarayyar Sobiyat mai tafiya ƙarƙashin teku, mai lamba B-59, suna jefa masa nakiyoyin gargaɗi. Bisa ga abin da aka ruwaito, kyaftin ɗin ya zaci yaƙi ya riga ya ɓarke, ya nemi a harba makamin nukiliyar da suke ɗauke da shi. Amma hakan ba ta yiwuwa sai da yardar manyan hafsoshi uku. Biyu suka amince, Vasili Arkhipov ya ƙi, har jirgin ya taso bisa ruwa.

Ashe ke nan ba takobinsa ya mayar kube ba, hannun wani ya riƙe. Wanda ya janye nufin kansa, kisa ya bari. Wanda kuwa ya tare nufin waɗansu, alhali yardarsa kaɗai ta rage, lalle ya ceci rayuka.