Digirin Saikoloji ta Intanet: Abin da Na Gano Kafin In Biya Kuɗi

'Yan uwana ɗalibai, musamman mu 'yan ajin ƙarshe da furojet ya hana mu barci. Na san tambaya ɗaya ce ke yawo a kan kowa yanzu: bayan difloma sai me? Wasu HND za su wuce, wasu za su yanki fom ɗin DE su faɗa jami'a a aji biyu, wasu kuma gida ke jiransu, ko shago, ko gona, ko aure. Ni ina cikin rukuni na uku, kuma shi ya sa hankalina ya koma kan karatu ta intanet. Kwas ɗin da nake so shi ne saikoloji, wato ilimin halayyar ɗan Adam. Na shafe kusan shekara guda ina bincike a kansa, har na kusa yin asarar kuɗi. Abin da na tsinta ne zan zazzage muku a nan.

Bari in fara da dalili. Ni ɗan Ringim ne, kuma duk wanda ya san Ringim ya san abin da ambaliyar 2022 ta yi mana. Gonar shinkafar kawuna ruwa ya shanye ta tas, ɗakunansa biyu suka rushe. Ruwa ya janye, aka gyara ɗakuna, amma Kawu bai dawo daidai ba. Mutumin da ke cika majalisa da raha ya daina fita. Da hadari ya haɗo sai ka ga jikinsa na rawa, ya kwana a zaune yana leƙen tsakar gida. A gida kowa da fassararsa: wannan ya ce iska ce, wancan ya ce sammu, wani ya ce raki ne kawai. An yi addu'a, an yi rubutu, daga baya wani ma'aikacin lafiya ya ba da shawara a kai shi asibiti a Kano. Ya samu sauƙi, alhamdu lillahi. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne watannin da muka ɓata ba mu san sunan abin da ke damunsa ba.

Ana cikin haka sai wata talla ta shigo wani zauren WhatsApp da nake ciki: digirin saikoloji daga "jami'ar ƙasar waje", a wata goma sha takwas, ba JAMB, ba jarrabawar zama, kuɗin rijista naira dubu 45. Wallahi har na karɓi lambar asusun. Allah ya taimake ni na fara nuna wa wani malaminmu. Na ce, "Malam, don Allah a duba mini wannan." Ya karanta ya yi murmushi ya ce, "Kai yanzu ilimin kake so, ko takardar, ko aikin? Don abu uku ne, kuma wannan ko ɗaya ba zai ba ka ba." A kan wannan rabon nasa zan ɗora bayanina.

Na farko, ilimin kansa. Da yawanmu mun ɗauka mai saikoloji shi ne wanda zai kalle ka ya karanta abin da ke zuciyarka. Ba haka ba ne. Kimiyya ce da ke nazarin yadda mutum ke tunani, da koyo, da mantuwa, da tsoro, da yadda yake mu'amala da jama'a, ta hanyar gwaji da ƙididdiga. Ana lissafa farkonta daga 1879, lokacin da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a Leipzig ta Jamus. A Najeriya kuwa Jami'ar Nsukka ce ta fara buɗe sashen saikoloji a 1964. Wanda ya shiga zai karanci yadda ƙwaƙwalwa ke aiki, da girman yaro daga goyo zuwa balaga, da halayyar mutum a cikin taro, da cututtukan da ke taɓa tunani. Sannan ga abin da ba a faɗa a talla: akwai lissafi. Darasin ƙididdiga da na hanyoyin bincike su ne ƙashin bayan kwas ɗin. In lissafi kake gudu, to ka sani yana can yana jiranka.

Wannan ilimin, in shi kaɗai kake so, kusan kyauta ne. Jami'ar Yale ta Amurka ta ɗora darasin gabatarwa na Farfesa Paul Bloom a intanet. OpenStax, wani shiri na Jami'ar Rice, ya fitar da cikakken littafin saikoloji na 'yan aji ɗaya wanda kowa zai iya saukewa ba ko sisi. Ni da shi na fara, a wayata mai fasasshen gilashi. Kuma tun ban je ko'ina ba na ga amfaninsa. A 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada kansa da haddar gaɓoɓi marasa ma'ana, ya gano cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan karatu, kuma bitar da aka rarraba a kwanaki ta fi wadda aka cusa a zama ɗaya. Ashe kwanan zaunen da muke yi daren jarrabawa wahalar da kai ne. Na koma bitar rabin awa kullum, ina rufe hanawut in tambayi kaina, kuma sakamakona na zangon da ya wuce ya fi na baya. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan da sunan tilawa.

Sai dai a karanta da ido biyu. A 2010 wasu masana uku, Henrich da Heine da Norenzayan, sun ja hankalin duniya cewa kusan kashi 96 cikin ɗari na mutanen da ake gwaji a kansu a manyan mujallun saikoloji daga ƙasashen Yamma suke, ƙasashen da ba su wuce kashi 12 na jama'ar duniya ba. Littafin da aka rubuta a can zai iya ɗaukar yaron da ba ya kallon idon babba a matsayin mai matsala, alhali a wurinmu tarbiyya ce. Kunya, da kara, da alkunyar ɗan fari, da zaman gandu, ba za ka same su a babin farko ba. Wannan bai rage mini sha'awa ba, ƙara mini ya yi, don yana nufin akwai aikin da sai mu ne za mu iya yinsa. An ma taɓa yi a ƙasar nan: a 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abekuta, inda marasa lafiya ke zama a ƙauye tare da danginsu suna karɓar magani, maimakon a kulle su. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

Na biyu, takardar shaida. A nan ne ake cin kasuwar mutane. Kwasa-kwasan kyauta da na ambata, ko ka biya an ba ka satifiket, ba digiri ba ne. Ba za ka nemi aikin gwamnati da shi a matsayin mai digiri ba, ba za ka yi digiri na biyu da shi ba. A Najeriya hukumar NUC ce ke amincewa da jami'a, kuma ita ke amincewa da kowane kwas daban. Tana kuma ba da izini na musamman kafin jami'a ta buɗe cibiyar karatu daga nesa. Saboda haka tambaya uku za ka yi: jami'ar tana cikin jerin NUC? Cibiyarta ta nesa tana da izini? Kwas ɗin da kake so an amince da shi? Jerin yana shafin hukumar, duba shi ba zai ci maka data ta naira ɗari ba. Hukumar takan fitar da sunayen jami'o'in bogi ma.

Ƙofofin da ke akwai su ne kamar haka. Jami'ar Ibadan, wadda aka kafa a 1948, tana da cibiyar karatu daga nesa, kuma saikoloji na cikin kwasa-kwasanta. Jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, NOUN, wadda aka kafa a 1983 zamanin Shagari, aka dakatar a 1984, Obasanjo ya farfaɗo da ita a 2002, tana da cibiya a nan Dutse. Tana da kwasa-kwasai masu maƙwabtaka da saikoloji, irin su nazarin laifuka da tsaro, da nazarin zaman lafiya da sasanta rikici. Littattafanta suna shafinta kowa na iya saukewa, don haka kana iya ɗanɗana miyar kafin ka saya. ABU Zariya ma tana da cibiyar karatu daga nesa. Kowacce ka duba jerin kwas ɗinta na shekarar da za ka nema, don yana canzawa. Sharaɗin shiga dai kiredit biyar ne har da Turanci da lissafi, wasu kan ƙara da bayoloji. Mai difloma yana iya samun aji biyu idan abin da ya karanta ya yi kusa da kwas ɗin, in bai yi ba sai ya faro daga ƙasa. Shekara huɗu ce ko biyar, ba wata goma sha takwas ba.

Kuma kada kalmar "intanet" ta ruɗe ku. A NOUN aikin gida da ake yi ta kwamfuta maki 30 ne, sauran 70 na jarrabawa ne, kuma sai ka je cibiya da ƙafarka ka zauna. Wanda ya zaɓi Ibadan ya sa kuɗin mota da masauki a lissafinsa tun yanzu. Duk makarantar da ta ce ba za ta taɓa ganin fuskarka ba, ba kuma za ta sa ido a kanka lokacin jarrabawa ba, ka tambayi kanka me take sayarwa.

Na ƙasashen waje fa? Akwai na gaske. Open University ta Ingila, wadda aka kafa a 1969, da UNISA ta Afirka ta Kudu, duk suna koyar da saikoloji daga nesa. Matsalar biyu ce. Kuɗin da kuɗin waje ake biya, kuma kowa ya ga yadda naira ta faɗi tun 2023. Sannan takardar waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance ta kafin ta yi aiki a nan. Ku tuna abin da ya faru a ƙarshen 2023, da wani ɗan jarida, Umar Audu, ya fallasa yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida. A Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, kuma dakatarwar ba ta ware mai gaskiya da mai saye ba. Haka batun bautar ƙasa: masu karatun nesa da na wucin gadi galibi takardar keɓewa ake ba su maimakon kaki. In kana da burin sa kaki, ka tambaya kafin ka biya, kuma ka nemi amsar a rubuce.

Na uku, aikin. Wannan shi ya fi ba ni mamaki. Digirin farko a saikoloji, na aji ne ko na waya, ba ya mayar da kai likita. Likitan ƙwaƙwalwa shi ne wanda ya yi karatun likitanci na shekara shida, sannan ya ƙara shekaru yana ƙwarewa. Shi ke rubuta magani. Masanin saikoloji na asibiti kuwa sai ya yi digiri na biyu a wannan fannin, ya kuma yi horo a gaban ƙwararru yana ganin marasa lafiya ido da ido, a wurare irin su asibitin Barnawa a Kaduna ko na Kware a Sakkwato. Wannan ɓangaren ba ya shiga waya. Mai digirin farko yana iya aiki a makarantu, da ƙungiyoyin agaji, da sashen kula da ma'aikata, da gidajen gyaran hali, da bincike. Aiki ne mai daraja, amma ba buɗe shago ba ne ka ce kana warkar da ciwon damuwa. Buƙatar kam tana nan: ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta sha faɗin cewa ba su kai 300 ba a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, kuma sai a farkon 2023 aka samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958.

Saura abin da ba ya cikin kowane fom: kai kanka. A nan makaranta, ko ba ka so, abokin ɗaki zai tashe ka, kilas-ref zai kira ka, malami zai rufe ƙofa. A gida ba mai yi maka haka. Na gwada a hutun da ya wuce a Ringim. Makon farko na yi babi uku. Mako na biyu aka yi biki, aka ɗauke wuta kwana huɗu, kuɗin caji ya fi na data. Mako na uku ko buɗe littafin ban yi ba. Dabarar da ta fisshe ni ita ce sauke darasi da dare lokacin da data ke araha, in karanta bayan asuba kafin a aike ni, sannan na samu aboki ɗaya muna tambayar juna duk Juma'a. 'Yan uwa mata da ke tunanin wannan hanya saboda aure ko reno, ku yi maganar lokacin karatu da kuɗin zuwa jarrabawa da mutanen gida tun kafin rijista, kada sai ranar ta zo.

Ni ga inda na tsaya. Dubu 45 ɗin nan tana nan a ajiye. Zan gama furojet, in ƙarasa littafin da na fara, in ga ko zan iya babin ƙididdiga ba tare da na gudu ba. In na iya, zan nemi gurbi a jami'ar da na ga sunanta da idona a jerin NUC. Da na gaya wa Kawu, ya tambaye ni ko zan zama likita. Na ce, "A'a Kawu, da sauran tafiya." Ya ce to in dai zan iya gane mai irin ciwonsa in nuna masa hanyar asibiti da wuri, in je in yi.

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya sa mu fita lafiya.