Lambobi Gagara-Aljabara da Jeren Jimla Marar Iyaka

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana yadda masana lissafi suke gane asalin wasu lambobi ta hanyar jeren jimla marar iyaka.

Maginin rumbu a Baure ya san cewa igiyar da ta kewaye gindin rumbu takan ninka faɗinsa sau uku da ɗan ɗori. Wannan lamba ita ce π, wadda ake kimantawa da 22/7 a makarantu. Kimantawa ce kurum, domin a 1761 Lambert ya tabbatar da cewa babu wasu cikakkun lambobi biyu da za a raba ɗaya da ɗaya a sami π daidai.

Masana sun kasa lambobi gida biyu. Na farko su ne lambobin aljabara, watau waɗanda, idan aka yi ta sarrafa su da cikakkun lambobi ta hanyar ninkawa da tarawa da ɗebewa, za a iya isa ga sifiri ba tare da an yi dabarar soke abu da kansa ba. Alal misali √2: a ninka ta da kanta, a ɗebe 2, sai sifiri. Na biyu kuwa su ne waɗanda hakan ba ta yiwuwa gare su, waɗanda muka laƙaba wa suna gagara-aljabara. Liouville na Faransa ne ya fara kawo misalinsu a 1844.

To, mu dubi wannan jere: 1 + x + x²/2 + x³/6 + x⁴/24, har abin da ya yi gaba. Idan x ta zama 1, jimlar ita ce e, kimanin 2.718, wadda Hermite ya nuna a 1873 cewa gagara-aljabara ce. A 1882 Lindemann na Jamus ya faɗaɗa hukuncin: duk lambar aljabara da aka sa a gurbin x, in ban da sifiri, jimlar gagara-aljabara za ta kasance. Amma idan aka sa π sau √-1, jimlar -1 ce, lambar aljabara. Ashe ke nan π ba ta aljabara ba ce. Da wannan aka rufe tsohuwar matsalar Girkawa: ba za a iya zana murabba'i mai fili daidai da na da'ira da rula da kamfas kaɗai ba.

A 1929 Siegel ya ware irin waɗannan jere kashi biyu. Kashin E, mai marabai masu saurin girma irin 2, 6, 24, 120, ya fi ba da kai, kuma Shidlovsky na Rasha ya ƙarfafa hukuncinsa a shekarun 1950. Kashin G, kamar x + x²/2 + x³/3, ya fi taurin kai.

Aiki bai ƙare ba. A 1978 Apéry ya nuna cewa jimlar 1 + 1/8 + 1/27 + 1/64, har abin da ya yi gaba, ba ta rubutuwa a matsayin rabon cikakkun lambobi biyu, amma har yau ba a tabbatar ko gagara-aljabara ce ba. Haka nan e + π. Waɗannan matsaloli suna nan suna jiran ɗalibanmu.