Makomar Dabarar SEO A Kasuwancin Intanet

SEO dabara ce ta tsara shafin intanet ta yadda zai fito a sahun gaba idan mutane suka yi bincike a Google, ba tare da an biya kuɗin talla ba. 'Yan kasuwa sun daɗe suna dogaro da ita wajen jawo masu saye.

Sai dai yanayin bincike ya fara sauyawa. Bayan fitowar ChatGPT a watan Nuwamban 2022, Google ya ƙaddamar da AI Overviews a Amurka a watan Mayun 2024, inda ƙirƙirarriyar basira ke rubuta taƙaitacciyar amsa a saman sakamakon bincike. Wanda ya samu biyan buƙata a nan ba lallai ne ya shiga wani shafi ba, lamarin da ke barazana ga shafukan da ke maimaita abin da kowa ya sani.

Duk da haka, daga shafukan intanet ake tattaro wannan amsa, kuma ana nuna adireshin wasu daga cikinsu. Shafin da ke ɗauke da sahihin bayani, wanda kuma ke saurin buɗewa a waya, shi ya fi samun damar a ambace shi.

Mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, alal misali, zai amfana idan ya wallafa farashi, hotunan kayansa da lokacin buɗe shago, ya kuma yi rajista kyauta a Google Business Profile. Tun da rubutun Hausa bai yawaita a intanet ba, wanda ya riga wasu wallafa ingantaccen bayani da harshen zai tarar da fili.