NEMAN WUƘAR DAJI MAI SHIGA ALJIHU: LABARIN PUUKKO TA ƘASAR FINLAN

Duk wanda ya taɓa shiga daji da wuƙa a ƙugu ya san amfaninta, ya kuma san wahalarta. Muddin ana cikin daji abokiyar tafiya ce, amma da an shigo gari sai ta zama abin kallo, wani lokaci ma abin tuhuma. Wannan matsala ta daɗe tana damun mutanen arewacin Turai, waɗanda suka fi shekara ɗari suna neman dabarar da za su mai da wuƙarsu ta gado mai naɗewa, ba tare da ta rasa ƙarfinta ba.

Wuƙar da muke magana a kanta ita ce wadda mutanen Finlan ke kira puukko. Ba babba ba ce, domin tsawon ruwanta bai cika wuce faɗin tafin hannun mai ita ba, watau kamar inci huɗu. Bayanta miƙaƙƙe ne, yadda mutum zai iya danna shi da babban yatsa in yana sassaƙa. Ƙotarta ta itace ce, galibi na wata bishiya da suke kira koivu, saboda itace ba ya ƙona hannu da sanyi kamar ƙarfe a lokacin ƙanƙara. Kubenta na fata kuwa yana da zurfi, har yakan haɗiye yawancin ƙotar. Da ita ake feɗe kifi, a yi fiɗar dabba, a fere itacen hura wuta. Garin Kauhava ya yi suna wajen ƙera ta, inda Iisakki Järvenpää ya kafa maƙerarsa a 1879, haka kuma Janne Marttiini ya kafa tasa a Rovaniemi a 1928.

To, ina wuyar naɗe ta? Sirrin ƙarfin puukko yana ɓoye ne cikin ƙota. Ƙarfen ruwan wuƙar yana da wutsiya wadda ta ratsa cikin itacen, saboda haka ruwa da ƙota sun zama abu guda. Wuƙa mai naɗewa ba ta da wannan wutsiya, ƙusa ɗaya tak ce ke riƙe da ruwanta. Bugu da ƙari, tilas a tsaga ƙotar a yi wa kaifin wurin kwanciya, nan kuwa jini da ƙasa da sanƙarar kifi za su riƙa maƙalewa. Mafi muni shi ne, in makullin ya saki ana tsakiyar aiki, kaifin yatsun mai ita zai rufe a kai.

Maƙeran garin Eskilstuna na ƙasar Suwidin su suka fito da wata dabara mai ban sha'awa a ƙarshen ƙarni na 19. Sun yi ƙota mai siffar ganga, mai rami a tsakiya. Mutum zai zaro ruwan wuƙar tare da gidansa na tagulla, ya buɗe shi, sa'an nan ya sake cusa gidan cikin ƙotar. Da ya shiga, babu yadda za a yi wuƙar ta rufe. Aibinta ɗaya, buɗewar tana cin lokaci, kuma sai da hannu biyu.

Wasu ƙasashe sun bi ta wata hanya. A Faransa, kamfanin Opinel ya ƙara wa wuƙarsa wani zobe a 1955, wanda ake murɗawa ya tokare ruwan. A Amurka kuwa, kamfanin Buck ya fito da wuƙar farauta mai naɗewa mai lamba 110 a 1964, da makulli a gadon bayanta, ta kuwa karɓu ƙwarai ga mafarauta har maƙera da yawa suka kwaikwaye ta. Irin wannan makulli ne kamfanin Helle na ƙasar Norwe ya sa wa wuƙarsa Dokka, mai ƙotar itace da wasin kaifi irin na gargajiya. A Finlan ma an fito da EnZo Birk, wadda wani sillen ƙarfe a cikin ƙota ke tokare ruwanta.

Har ila yau akwai maganar doka. A Ingila, dokar 1988 ta yarda mutum ya yi yawo da wuƙa mai naɗewa in kaifinta bai wuce inci uku ba, amma kotuna sun yanke cewa wadda ke da makulli ba ta cikin wannan sassauci. Ashe ke nan abin da ke kare yatsa shi ne ke iya jawo wa mutum tuhuma.

Mai neman irin wannan wuƙa sai ya lura da abu uku. Ya buɗe ta ya girgiza ruwan hagu da dama, in ya ji motsi ya ajiye ta. Ya danna bayanta a hankali, yatsunsa nesa da hanyar kaifi, ya ga ko makullin zai saki. Ya kuma duba wasin, domin na puukko faffaɗan gangare ne guda ɗaya, wanda ake kwantarwa bisa dutse a wasa ba tare da wata wahala ba. Kada arha ta ruɗe shi, gama arha ba ta ado.

Gaskiyar magana ita ce, taura biyu ba ta taunuwa. Mai naɗewa ta isa yanka igiya da fere sanda da gyaran kifi, amma in aikin faskare ne ko fiɗar babbar dabba, to, har gobe mai kube ce uwar ɗaki.