3.4 Yanayin Dutse da Gubar Dalma a Ƙasar Zamfara

Wannan sashe zai duba yadda irin dutsen da ke wuri kan jawo haɗari ga masu cin arzikinsa. A yankin Anka da Bukkuyum, zinare ba ya zuwa shi kaɗai. Yana cikin jijiyoyin dutse ne, cakuɗe da dalma mai yawa. Muddin dutsen na binne, dalmar ba ta cutar da kowa. Matsala ta taso ne sa'ad da mahaƙa suka riƙa kai shi cikin gari suna niƙa shi a bushe da injin niƙan hatsi, ƙurar kuwa ta bi tsakar gida da abinci. Ƙananan yara, waɗanda ke rarrafe suna kai hannu baki, su abin ya fi shafa. A shekarar 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano lamarin, aka kuma ƙiyasta cewa yara fiye da 400 sun rasu a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma.

Ba yara magani kaɗai bai wadatar ba, domin gida ɗaya za su koma. Dole sai da aka kankare gurɓatacciyar ƙasar gidajen, aka binne ta, aka zuba sabuwa. Garin Bagega bai samu wannan aiki ba sai a 2013.