Martin Scorsese: Daraktan da ya mayar da ceto tsofaffin fina-finai aikin rayuwarsa

Duniya ta san Martin Scorsese da fina-finan da ya ba da umarni, irin su Taxi Driver da Goodfellas da The Departed, wanda ya ba shi kyautar Oscar a 2007. Sai dai akwai wani aiki da ya shafe sama da shekara 30 yana yi a bayan fage, wato farauto tsofaffin fina-finan da ke ruɓewa a ɗakunan ajiya, a gyara su, a sake nuna wa jama'a.

An haife shi a birnin New York na Amurka a 1942, iyayensa 'yan asalin Italiya ne. Cutar asma ta hana shi wasan guje-guje da tsaransa, don haka gidan sinima ya zama wurin da ake kai shi ya huta. A can ya ga The Red Shoes, wani fim ɗin Birtaniya na 1948, wanda launukansa suka zauna masa a rai har girmansa.

Fim ma yana mutuwa

Mai kallo a waya zai iya ɗauka cewa duk fim ɗin da aka taɓa yi yana nan a wani wuri a intanet. Ba haka abin yake ba.

Kafin shekarun 1950, ana ɗaukar fim ne a kan zaren da aka yi da sinadarin naitiret, mai saurin kama wuta, wanda kuma ke rududdugewa idan ya daɗe. A 1937 gobara ta cinye wata ma'ajiyar kamfanin Fox a jihar New Jersey, ta tafi da ɗimbin fina-finai. Wani rahoto da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finan ƙasar na zamanin da babu murya sun ɓace baki ɗaya.

Zaren da ya biyo baya ma da nasa ciwon: zafi da laima kan sa ya yi tsami ya kanannaɗe, launi kuma ya koɗe. A 1980 Scorsese ya jagoranci 'yan fim wajen matsa wa kamfanin Kodak lamba kan koɗewar launi. Tsoron hakan na cikin dalilan da suka sa ya ɗauki Raging Bull a hoton fari da baƙi.

A 1990 ya kafa gidauniyar The Film Foundation tare da abokan sana'a irin su Steven Spielberg da George Lucas da Francis Ford Coppola. Zuwa yanzu ta taimaka wajen gyara fina-finai fiye da 900.

Aikin na masu haƙuri ne. Sai an nemo zare mafi lafiya, an wanke, an liƙe inda ya yage, sannan a kwafe shi zuwa kwamfuta hoto bayan hoto. Daƙiƙa ɗaya ta fim hoto 24 ce, ke nan fim ɗin awa biyu ya haura hoto 170,000. Ta haka The Red Shoes ya dawo da kyansa, aka nuna shi a bikin Cannes na Faransa a 2009.

Hannunsa ya kai Afirka

A 2007 ya faɗaɗa aikin zuwa ƙasashen da ba su da kuɗi ko kayan adana fim. Cikin waɗanda suka tsira akwai Trances na Maroko, da Touki Bouki, wanda Djibril Diop Mambéty na Senegal ya yi a 1973, da Black Girl na Ousmane Sembène, da Kalpana na Indiya.

Bayan shekara goma, gidauniyar ta haɗa kai da UNESCO da ƙungiyar masu shirya fina-finai ta Afirka, FEPACI, da nufin gyara fina-finan nahiyar guda 50. An fara da Soleil Ô na Med Hondo, ɗan Mauritaniya.

Bai juya wa sabon zamani baya ba

A 2019 ya tayar da ƙura lokacin da ya kwatanta fina-finan Marvel da wuraren wasan lilo. Matasa da dama sun ce tsufa ne ke damunsa. Ya mayar da bayani a jaridar New York Times cewa damuwarsa ita ce irin waɗannan fina-finai sun mamaye gidajen sinima, har ƙananan masu sabon tunani sun rasa wurin nunawa.

Ayyukansa ma sun nuna ba ya gudun sabon abu. Da Netflix ya yi The Irishman, da Apple kuma ya yi Killers of the Flower Moon a 2023. Ya sa sunansa cikin masu shirya fina-finan matasan daraktoci, ciki har da Homebound na Neeraj Ghaywan ɗan Indiya, wanda aka nuna a Cannes a 2025. A wurinsa, tsohon fim makaranta ce ga mai yin sabo, domin da tsohuwar zuma ake magani.

Darasi ga fina-finan Hausa

Wannan matsala ba ta Turawa ba ce kaɗai. Shaihu Umar, fim ɗin da Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya daɗe ba a ganinsa. Sai da aka gano zarensa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin Berlin na 2018.

Fina-finan farko na Kannywood, tun daga Turmin Danya na 1990, a kaset ɗin bidiyo aka fitar da su, kuma kaset ba ya jure zafi da ƙura. Duk wanda ba a kwafe shi zuwa kwamfuta ba, kowace shekara hotonsa na ƙara dusashewa. Waɗanda ke riƙe da ainihin kasusuwan kuma, su ma shekaru na ja.