Ciyawar teku da fentin jiragen ruwa

Jirgin da ya daɗe a teku ba ya tafiya shi kaɗai. Ƙwayoyin bakteriya ne ke fara shimfiɗa yauƙi a gindinsa, gansakuka ta biyo baya, sannan ƙananan halittu masu ɓawo mai tauri su manne kamar an ɗinke su. Gudu ya ragu, shan mai ya ƙaru, hayaƙi ma haka.

Tun shekarun 1960 aka ɗauka an sami magani: fenti mai sinadarin TBT, wanda ake haɗawa da kuza. Ya yi aiki ƙwarai, amma ɓarnarsa ta fi amfaninsa. A mashigin Arkashon na Faransa kiwon kawa ya durƙushe a ƙarshen shekarun 1970, a wasu gaɓoɓin kuma aka ga matan dodon koɗi na fitar da al'aurar maza. Faransa ta taƙaita amfani da TBT a 1982, yarjejeniyar Hukumar Kula da Sufurin Teku ta Duniya da ta haramta shi ta fara aiki a 2008. Aka koma ga jan ƙarfe, shi ma yana taruwa a lakar tashoshin jiragen ruwa.

A neman madadin waɗannan sinadarai, abin da ya fi jan hankalina shi ne wata jar ciyawar teku ta Ostareliya, Delisea pulchra. Ba ta motsi, ba mai wanke ta, amma jikinta tsaf. A shekarun 1990 Peter Steinberg da Staffan Kjelleberg na Jami'ar New South Wales suka nuna dalili: tana fitar da sinadaran furanon, masu rikita saƙon da bakteriya ke aika wa juna kafin su taru. Wato dabararta hana zama ce, ba kisa ba. A wannan neman an kuma gwada sinadarin yajin barkono, da wani daga ciyawar Zostera.

Sai dai a yi hattara. Fitowa daga halitta ba shaidar rashin guba ba ce, kuma wasu furanon ɗin kansu na da illa. Ɗan abin da ciyawa ke bayarwa ba zai fente katafaren jirgin dako ba, sai an kwaikwaye shi a masana'anta, a kuma sa ya riƙa tsatsowa daga fenti sannu a hankali na tsawon shekaru. Gwajin da hukumomin Turai ke buƙata kafin rajista na cin lokaci da kuɗi, masu bincike na kokawa da shi. Ni dai ba zan goyi bayan sassauta shi ba, domin rashin irinsa ne ya bai wa TBT damar shiga teku.